Kwana Uku a Korama da Nasara Mai Tsinkar Ganye

Da damanar nan kakana Issufu Maharbi ya cika shekara arba'in da biyar a ƙasa. Allah ya jiƙansa. Na san har yau akwai gidaje a Matameye da in aka karanta musu wannan suna sai an taɓe baki, saboda haka gara in faɗi abin da ake taɓe bakin a kai, da bakina.

Lokacin Nasara, wato Bature, bai daɗe da zama ƙasar nan ba, ana kwasar samari aikin tilas. Wanda aka tafi da shi, ko ya dawo da tari ko kuma shi ke nan. Sai mutanen unguwarmu suka samo dabara. Can cikin Korama akwai wani tudu da ruwa ke kewayewa da damana ya zama tsibiri, goriba da kanya sun rufe shi ruf. Da an ji gardi, dogaran Nasara, sun taso daga Damagaram, sai a tura samari can. Mashiginsa ɗaya ne, ruwa iya ƙirji, kuma maharba kaɗai suka san shi. A shekarar da nake magana mutum bakwai ke ɓoye a kai, har da Habu, ƙanen Kaka uwa ɗaya uba ɗaya.

Ana nan sai ga wani Nasara, ba kumandan ba, ba likita ba. Ya ce daji yake so ya gani, a haɗa shi da wanda ya san daji. Mai gari ya aika aka kira Kaka. Abin da ya fara ɗaure wa mutane kai, mutumin yana da doki amma ya bar shi a turke ya kama hanya da ƙafa, kuma ba bindiga. A wurinmu ba a shiga daji haka kawai. Ko itace, ko magani, ko nama, ko ɓatacciyar akuya. Wanda ya shiga ba ko ɗaya, to akwai abin da bai faɗa ba.

Kwana uku suka yi suna yawo. Nasara ya tsinki ganye ya danne tsakanin takardu, ya tambayi sunansa da wata Hausa mai ban tausayi. Ya kwanta rubda ciki cikin laka yana kallon gauraka da madubin hangen nesa, babban mutum da gemunsa. Kaka kan kwaikwaye shi mu jikoki mu yi ta dariya har da hawaye. Sai da na yi wayo na lura kullum labarin a rana ta biyu yake tsayawa.

Ta ukun a bakin mutane na ji ta, kuma ba da daɗi ba. Kwana tara bayan tafiyar Nasara, gardi suka zo. Ba su tambayi kowa ba, ba su yi lalube ba, suka faɗa ruwa daidai mashigin suka kwaso duka bakwai ɗin. Habu bai dawo ba. Ga shi kuma an ga Kaka da sabuwar wuƙa mai farin ƙota, kyautar Nasara. Me kuma ya rage a faɗa? Kaka ya rataye baka da kwari, bai sake taka Korama ba. Masu sonsa suka ce baƙin ciki ne, sauran suka ce kunya ce.

Ni wuƙar ce ta tsaya mini a rai. Da ita yake fasa goro har tsufansa. Mutumin da aka zalunta da zargi ai rijiya zai jefa ta. Na taɓa tambayarsa cikin wasan jika da kaka, ya juya ta a hannu ya ce, "Wuƙa ce mai kyau, ɗan nema." Ya ci gaba da fasa goronsa.

A ciwonsa na ƙarshe ina gida hutun lakkol, makarantar boko. Wata rana da hantsi muna zaure mu biyu, na cire kunya na ce, "Kaka, kai ka nuna wa Nasara mashigin?"

Ya gyara zama. Sannan ya ce a rana ta uku sun fito bakin ruwa, tsibirin na gabansu. Balbelu na ta shawagi a kansa sun ƙi sauka, don akwai mutane a ƙasa. Nasara ya tambayi dalili, shi kuma ya ce wataƙila mesa ce. "Na ɗauka tsuntsayen yake kallo," in ji shi. "Da na waiwaya, ya sauke madubin, ni yake kallo. Ni kuwa idona na kan mashigin, ina duba ko yaran sun bar sawu. Wallahi bakina bai faɗa ba. Amma maharbi ne ni, na san abin da ido ke yi."

"To wuƙar fa?"

"In na yar da ita, wa zai riƙa tuna mini?"

Na so in yarda da shi gaba ɗaya, Allah ya sani. Amma shekara arba'in da biyar ina juya maganar nan. Kallo ɗaya ya isa ya kai gardi daidai mashigi cikin ruwa iya ƙirji? Ko akwai wani maharbin da ya yi ciniki a ɓoye ya bar Kaka da ɗaukar kaya? Shi Nasaran, ganye ya kawo shi da gaske, ko ganyen rufa-ido ne? Duk waɗanda za su iya amsawa suna kabari.

Yau tsibirin gonar rake ce, ruwan ko gwiwa ba ya kaiwa. Baƙi kuwa ba su daina zuwa ba. Motocin furoje, na ƙungiyoyin raya karkara, kan tsaya bakin gonaki, a fito da hula da gorar ruwa, a zaga ana ɗaukar itatuwan gawo hoto ana yaba mana yadda muka raya itace. Wataƙila duk alheri ne. Amma da Kaka na nan, na san ba hannunsu zai duba ba, inda suke kallo zai duba, kuma ni ma haka nake yi ba tare da na shirya ba. Wannan shi ne gadon da ya bar mini, ba gona ba, ba baka ba.

Jikokinsa maza sun haifi 'ya'ya da yawa, ba wanda ya yi masa takwara sai ni. Ranar sunan wasu dattawa suka tashi ba su taɓa goro ba, ban kuwa bi su da ban-haƙuri ba. Na yi ne don in nuna wa gari na wanke kakana. Issufuna yanzu magidanci ne da iyalinsa. Sai dai in na hango shi a kasuwa cikin mutane zan kira shi, har yau sai na sassauta murya.