Gishirin Da Yaya Hure Ta Dawo Mini Da Shi

Ranar Laraba, tara ga watan Safar, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata Yaya Hure a nan Zakirai. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma. Yau kwana shida na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito, in tsaya a bakin dangar da ke tsakaninmu kamar za ta leƙo.

Yaya, ba na manta daminar shekarar tsadar nan, da masara ta gagari kowa. Mahaifin yarana ya rasu, buhun gishirin da nake ƙullawa ina sayarwa shi ne abincinmu. Rufin ɗaki ya zube, ruwa ya cika bahon da na juye gishirin a ciki. Na duba, ba ko ƙwaya, sai ruwa mai laka. Na ɗauka ina kuka zan zubar a kwata, kika riƙe mini hannu.

"Ke Sakinatu, kanki ɗaya kuwa? Ɗanɗana mana!"

Na ɗanɗana, ya ɗaure mini harshe. Kika tace shi da tsohon mayafinki, kika ɗora tukunya. Itace ya jiƙe, kara ya ƙare a gari. Sai kika cire karan dangarki kina turawa a murhu. Kwana uku muna tafasawa. Ruwan ya yi tururi ya tafi, fari ya kwanta a gindin tukunya. Da shi na ciyar da yara har kaka.

Na ce zan mayar miki da karanki. Kika yi dariya, kika nuna tokar. "Gishiri ɓuya ya yi a ruwa, yana nan yadda yake. Wannan kuwa ya zama wani abu daban. Mayar da shi kara in gani!"

A waccan shekarar awaki suka cinye miki rama da kuɓewa ta giɓin dangar. Ba ki taɓa faɗa mini ba, sai jiya 'yarki Asiya ta gaya mini. Tun lokacin na rasa inda zan sa kaina.

Allah Ya jiƙanki, Yaya. Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ku kuma iyalanta, Malam Sama'ilu, Asiya da Uwaisu, Allah Ya ba ku haƙuri. Na ware kara dami biyar na bana. Ku bar ni in gyara dangar da hannuna.