Hantsin da Muka Hana Ajuji

A gidanmu na Gude, da an ci tuwo sai mu kewaye murhun Kaka Yalwa, mahaifiyar babanmu. Tatsuniyoyinta ba sa ƙirguwa, amma akwai ɗaya da in ta zo kanta sai ta ɗaga murya, ta juya fuska wajen ɗakin Innarmu. Ni da wautata na ɗauka kunnenta ne ya fara nauyi.

A ɗakin nan ƙanena Ajuji yake. 'Ya'ya uku Inna ta binne kafin shi, don haka ta rantse ba za ta fito da shi ba, kada baki ya kama shi. Ko ƙwai ba a ba shi, wai zai tashi da sata. Aikina kuwa, da ya rarrafo wajen ɗan hasken da ke bakin asabari, in janyo shi ciki. Wallahi ban taɓa fashi ba.

Kaka takan ce ga ta nan tafe, mu ce ta iso mu ji ta. Wai wata mata ce ta ɓoye 'yarta a rumbu saboda tsoron mayya. Kullum Hantsi sai ya yi sallama da ƙwarya a hannu, ya ce ya kawo wa yarinya abin ƙarfin ƙashi, uwar ta ce ba kowa a gidan. Ranar da ta buɗe rumbun, yarinya ta miƙe, ƙafafun suka lanƙwashe kamar ɗanyen kara. Mayya na bayan danga tana dariya.

A nan Kaka takan maƙe murya irin ta mayyar: "Ni dai ban taɓa ta ba. Uwarta ta riga ni."

Ba ta cewa ƙurunƙus. Sai ta yi ta tura itace a wuta. Kunyar surukuta ce ta hana ta faɗa wa Inna kai tsaye.

Ajuji ya rayu, amma da gwame ya tashi.

Sai da na kai 'yata awo a Kabo na ji ma'aikaciyar lafiya tana cewa a riƙa fito da yara su sha hantsi. Da hasken rana fata ke haɗa bitamin D, shi ke sa ƙashi ya yi ƙwari, a kuma ba su ƙwai da kifi da nono. Nan na tuna da ɗakin Inna da ƙafafun Ajuji.

Inna ta rasu tana cewa ɓoyon ne ya raya shi, ban musa mata ba. Da na faɗa wa Ajuji abin da na ji a Kabo, dariya ya yi, ya ce haka Allah ya so. Shi ya manta da ɗakin. Ni kuwa har yau nakan yi mafarkinsa, hannunsa miƙe wajen haske, nawa riƙe da ƙafarsa.