Damisar Ƙarshe ta Baba

Shekarar da karen Baba na ƙarshe ya mutu, a ita ce damisa ta fara sauko wa awakin Fulanin bayan dutse. An daɗe ba a ji ɗuriyarta ba a duwatsun Roni, har wasu na cewa an gama da irinta.

Mahaifina mafarauci ne. Sarkin Baka ake ce masa, amma a lokacin sunan kawai ya rage. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi yake gani da shi, ƙafa kuma ta daina bin kare. Samari masu babura da karnuka goma-goma su suka karɓe dajin. In sun zo wucewa sukan rage gudu su gaishe shi, amma ba mai tsayawa ya tambaye shi komai. Abin yana ci min rai, don ni ba na iya haɗiye raini, balle wanda aka yi wa ubana.

Sau biyu samarin suka hau dutse da karnukansu. Karo na biyu suka dawo babu kare biyu, babu damisa. Shi ne Arɗon rugar Fulanin ya zo da kansa wata Asabar da hantsi, ya tuɓe takalmi a bakin zaure ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, akuya ta biyar ke nan. Yaran nan hayaniya kawai suka iya."

Baba ya daɗe yana shafa gemu kafin ya ce, "Damisa ƙi sabo. Ba a bin ta, Arɗo, kiranta ake yi. Ka je, zan duba."

Ina zaune a gefe, na ga yadda ya miƙe bayansa. Rabon da in ga haka na manta.

Ni koyarwa nake yi a Kazaure, ƙarshen mako nake zuwa gida. Ina da aboki da ya taɓa aiki da ma'aikatan gandun daji, yana da wata kyamara da ake ɗaurawa a jikin bishiya a tafi a bar ta, duk abin da ya gitta sai ta ɗauki hotonsa. Na aro ta na kawo. Baba ya jujjuya ta a hannu, ya shinshina.

"Malam," ya ce, don haka yake kirana in zai tsokane ni, "wato wannan gwangwanin ne zai yi min aikin hancin kare?"

"Gwangwanin ba ya cin tuwo, Baba, kuma ba ya haushi."

Ya yi dariya har da tari. Amma wurin ɗaurawa shi ya zaɓa. Na goya shi a babur zuwa gindin dutse, muka ƙarasa da ƙafa yana dafe da kafaɗata. Ya riƙa tsugunawa yana laluben ƙasa da tafin hannu, har ya tsayar da ni a wani matsatsi tsakanin duwatsu biyu, inda hanya ke gangarawa ƙorama. A jikin wata aduwa na ɗaure kyamarar.

Makon farko ta ɗauko mana birai, da bushiya, da wani maƙwabcinmu yana saran itacen da ya rantse ba ya taɓawa. Ni nake duba hotunan ina faɗa wa Baba, shi kuma yana zaune yana gyara busarsa. Ɗan guntun kara ne da ya tsaga ya maƙala ganyen kaba a tsakiya. In ya hura, kukan ɗan akuyar da ya maƙale a ƙaya ne sak. Ranar da ya gwada a tsakar gida, akuyar Inna ta tsinke igiya, ya sha faɗa.

A mako na biyu ta fito. Hoto uku, a na tsakiya ta tsaya a karkace, kamar an ce ta gyara a ɗauke ta. Na ƙara girman hoton da yatsa. Nonuwanta sun cika sun sauko, gashin wajen ya kwanta saboda tsotso.

Baba ya karɓi kyamarar ya kai ta dab da idonsa mai ɗan gani, ya karkata kai, ya dawo min da ita.

"Haske kawai nake gani. Faɗa min, namiji ne ko mace?"

Na san dalilin tambayar. A gidanmu ba a harbin mai shayarwa, ko zomo ce. Kakana bai yi ba, Baba bai yi ba. Da na ce mace ce mai goyo, zai aika wa Arɗo ya matsar da awakinsa gabas na wata biyu, shi ke nan. Samarin kuma su ce tsoho ya ji tsoro ya fake da al'ada. Na ji dariyarsu a kunnena tun kafin su yi ta.

Na ce, "Namiji ne, Baba. Ƙato."

Bai ƙara tambaya ba, ya ce in miƙo masa bindiga ya goge.

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna a bayan wani dutse, taku goma sha biyu daga matsatsin. Baba ya auna tazarar da ƙafarsa, ya ce iya nan idonsa ke kaiwa. Ya sa iska a fuskarmu, ya hana ni motsi, sannan ya fara busa. Ya hura sau uku ya yi shiru mai tsawo, ya sake. Kukan yana da tausayi, ni da na san kara ne ma sai da na ji shi a ƙirjina. Ina zaune ina roƙon Allah kada ta zo, kuma na kasa faɗa masa gaskiya.

Rana ta kusa taɓa dutse sai birai suka yi tsit. Ta fito daga matsatsin a sunkuye, tana sauri fiye da yadda Baba ya ce damisa ke yi. Yanzu na san yunwar goyo ce ta hana ta taka-tsantsan. Harbi ɗaya ya yi.

Muka jira har ta daina shure-shure. Baba ya tashi ba tare da ya dafa ni ba, yana yi wa kansa kirari ƙasa-ƙasa, fuskarsa kamar ta ango. Ya durƙusa ya yi bismilla, ya shafa kanta, ya bi bayanta da hannu, ya gangaro ciki. A nan hannun ya tsaya. Ya ɗago yatsunsa ya murza, ya kai hanci.

Na jira ya zage ni. Wallahi da ya ɗaga bindigar ya maka min, da na ji sauƙi. Sai kawai ya goge hannun a rigarsa ya ce, "'Ya'yan ba su yi nisa ba. Gobe da sassafe."

Kwana uku muna neman su. Ban koma makaranta ba. Mun leƙa kowane kogo da rami, ni ina haskawa da tocila, shi yana kasa kunne. A rana ta biyu mun ji wani siririn kuka daga can cikin duwatsu, amma dutse yana juya sauti, kowane ɓangare muka nufa sai ya koma bayanmu. Kare ɗaya, ko gurgu ne, da ya kai mu wurin kafin azahar. Na ce in je in aro na samarin, Baba ya ce waɗancan kashewa aka koya musu. A rana ta uku ba mu ji komai ba.

Gari kuwa ya ɗauka. Arɗo ya aiko da ƙwaryar nono da man shanu, samarin suka zo zaure suka zube suna neman a koya musu busa. Abin da na so ke nan, na kuma samu. Baba ya karɓe su da mutunci, bai faɗa wa kowa abin da hannunsa ya taɓa ba. Fatar ya ba Arɗo, bindigar ya rataye, bai sake sauke ta ba.

Bai taɓa tambayata ko na gani a hoton ba. Ya ci gaba da amsa gaisuwata, yana tambayar iyali, yana sa min albarka in zan tafi. Shekara huɗu ya ƙara a duniya, ina ta shirin ba shi haƙuri, kullum ina cewa sai mako mai zuwa.

A ciwonsa na ƙarshe na kai shi asibiti a Kazaure, ni da ƙanwata. Likita ya rubuta magani ya sa masa takardar a hannu. Muna fitowa baranda na miƙa hannu, don ni ne a kusa da shi.

"Kawo in duba maka, Baba."

Ya riƙe takardar, ya juya kai yana neman inda ƙanwata take.

"Bar shi, Malam," ya ce a hankali. "Ke, zo ki karanta min abin da aka rubuta."