Layin da Inna Ta Tsaya

Shekarun baya can, lokacin da soja suka koma bariki aka ce farar hula su zo su karɓi mulki, ƙanin mahaifiyata ya wayi gari ya ce zai tsaya takarar ɗan majalisar jiha. Malamin firamare ne a lokacin, abin hawansa wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. Mu a gida dariya muka yi ta yi. Mutanen gari kuwa ba su yi dariya ba, domin daga ƙauyen Indabo har cikin Wudil da wuya ka sami gidan da bai koyar da ɗan cikinsa ba, kuma ba a jana'iza ko suna a ce ba a ga wannan babur a jingine a gindin bishiya ba. Da aka kaɗa ƙuri'a sai ga Kawu ya lashe, ba ma da kyar ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ta raine shi. Iyayensu sun rasu yana ƙarami, ta tafi da shi ɗakin aurenta, har ya yi furfura ba ta daina ce masa Auta ba. Akwai kuma wani tsoho maƙwabcinsu a ƙauye, kowa Baffa yake ce masa. Shi ya riƙa nome musu gonar gado har Kawu ya yi ƙarfi, shi ne yake ɗora shi a bayan keke da akwatinsa ya kai shi makarantar kwana a Wudil. Ku riƙe wannan tsoho a ranku, zan dawo kansa.

Ni a lokacin ban daɗe da aure ba, ga baki, ga son a sani. Nan da nan na zama shugabar mata a tafiyar Kawu. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Atamfa mai hotonsa kuwa har da ta zaman gida ina da ita. In na shiga gidan biki aka ce ga 'yar Onarabul nan, wallahi har tafiyata sauyawa take yi. Ga shi ya yi mini alkawarin zai sama wa maigidana aiki a sabuwar jami'ar da aka buɗe a garin, ni kuma na riga na gama sanar da duniya.

Zan yi wa Kawu adalci. Bai ci amanar kowa ba. Ya haƙa rijiyoyin burtsatse, ya gyara azuzuwa, muna jin muryarsa a rediyo yana magana a zauren majalisa. Abin da ya yi shi ne ya ɓace. Ya koma Kano da zama, ya sayi mota mai baƙin gilashi, yaran siyasa suka yi masa katanga. In an yi rasuwa sai ya tura wakilai da kuɗi a ambulan. In Inna ta aika a ce wa Auta tana nemansa, sai a dawo mata da amsa ana zaman majalisa, yana nan tafe, a haɗo da shinkafa da mai. Mutane kuma da suka rasa ganinsa sai suka mayar da ƙofar Inna ofis. Mai neman taki, mai neman aiki, mai zuwa kawai don ya yi ƙorafi, duk ita take shimfiɗa wa tabarma ta ba su haƙuri.

A daminar ƙarshe kafin zaɓe Baffa ya kwanta ciwo. Yana kwance yana tambayar yaron nan bai zo ba? Inna ta aika, ta sake aikawa. Har Allah ya karɓi abinsa Kawu bai zo ba. Washegari direbansa ya iso da buhun shinkafa.

Inna ta tare a gidan makokin. Duk matar da ta shigo, in ta gama “ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta,” sai ta juyo ta ce, “Onarabul bai iso ba?” Inna ta ce yana hanya. Haka ta yi ta faɗa har aka yi sadakar uku, har aka yi ta bakwai. Buhun shinkafar nan kuwa yana zaure a jingine, iyalan Baffa ba su mayar ba, ba su kuma kwance bakinsa ba. Duk wanda zai shiga gidan sai ya wuce ta gabansa. Ni na gani da idona, amma a lokacin kaina yana kan ɗinkin ankon kamfe.

Da lokacin zaɓen fid da gwani ya zo, Kawu ya nemi komawa karo na biyu. Jam'iyya ta ce ƙato bayan ƙato za a yi. Ga waɗanda ba su riski wannan ba, babu akwati babu takarda. Ɗan takara ko hotonsa yana gaba, kai kuma ka je ka tsaya a bayansa da rana tsaka, maza layinsu mata layinsu, a zo a ƙirga ku. Surukinka yana kallonka, mai unguwa yana kallonka, ba wurin ɓuya. Abokin karawar Kawu wani dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar shanu, mutum mai fara'a da hannun kyauta.

A mazaɓarmu filin makarantar da Kawu ya koyar aka taru, kuma shi da kansa ya zo ya tsaya, tunda gida ne. Tun da hantsi nake kaiwa da komowa ina jera mata, muryata har ta dushe. Na ware wa Inna wuri a gaba, daidai bayan ƙaninta, har da kujera saboda ƙafarta.

Can sai ga ta tafe a hankali da farin mayafinta. Na tare ta ina murna, na ce, “Inna, ga wurinki nan.” Ta amsa gaisuwata, ta tambayi maigidana, sannan ta wuce ni. Ta wuce kujerar, ta ratsa tsakiyar fili, ta je ta tsaya a layin matan dillalin shanu.

Na ɗauka idonta ne. Na bi ta da sauri na kama gefen mayafinta, na rage murya na ce, “Inna, kin yi kuskure, namu ga shi can.”

Ta ce, “Na san inda nake. Sakar mini mayafi.”

Na ce, “Don girman Allah, Inna, mutane suna kallo.”

Ta ce, “Ai shi ya sa na zo.”

Kawu yana gaba yana raha da mutanensa, sai ya ɗago ya dubi layin abokin karawarsa don ya auna tsawonsa. Na ga lokacin da idonsa ya sauka a kanta. Ya cire baƙin tabaraunsa. Ita ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma harare shi ba, kallonsa kawai take yi. Daga nan sai matan da na sha wahalar jerawa suka fara zarewa, wannan ta gyara goyo ta tsallaka, waccan ta ja 'yar'uwarta. Matan gidan Baffa ne suka fara. Maza ma suka soma motsi. Kafin a zo ƙirga, layinmu ya koma kamar kitson da aka tsefe rabi.

Kawu ya faɗi a mazaɓarsa ta haihuwa. Labari kuwa ya riga masu ƙirga isa sauran mazaɓu, cewa yayarsa ma ta ƙi shi. Takara ta kuɓuce masa.

Bayan la'asar na faɗa gidan Inna ko sallamar kirki ban yi ba. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na ce, “To, kin kayar da shi, hankalinki ya kwanta. Ɗan da kika goya, Inna. Ko ba ki tausaya masa ba, ni fa?” Ina faɗa ina kuka, kuma in gaya muku gaskiya rabin kukan na aikin jami'a ne.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, “Ban je don in kayar da shi ba. Ban ma zaci matan nan za su biyo ni ba. Tun yaushe nake aikawa ina nemansa? Na zauna na yi tunani, a ina yaron nan zai gan ni. Sai na tuna mai takara ba ya kallon waɗanda ke bayansa, layin ɗaya gefen yake kallo. To can na je.” Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. A ranar ban fahimce ta ba, haushi ne fal cikina.

Aikin maigidana ya bi ruwa. Atamfofin nan suka koma zanen goyo, 'ya'yana duk a bayan fuskar Kawu suka yi barci. Shi kuwa ya ɗauke ƙafa daga gidan Inna, Sallah ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, bai leƙo ba. Inna ba ta taɓa yin maganar ba, sai dai ta rame, kuma duk sanda ta ji ƙarar mota a waje sai ta dakata da abin da take yi.

Yaran siyasa suka watse suka koma wajen dillalin shanu, wanda ya ci babban zaɓe ya tafi majalisa. Zaman Kano ya gagari Kawu, ya sayar da motar ya dawo Wudil. Da yake yanzu ba zaman majalisa, sai aka fara ganinsa a jana'iza, a sahun baya. Wata rana muka ji ya tafi ƙauye shi kaɗai, ya durƙusa a gaban babban ɗan Baffa ya yi ta'aziyyar da ta makara da shekaru, ya ce a nuna masa kabarin. Daga can gidan Inna ya yo.

Ina nan ranar. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta ya ce, “Yaya, barka da yini.” Ta ɗago ta dube shi. Ta ce, “Auta, ka ci abinci?” Ya ce a'a. Ta tashi da kanta ta zubo masa tuwon dawa da miyar kuka, ta zauna tana kallonsa har ya cinye. Iyakar sulhun ke nan, ban taɓa jin ɗayansu ya ta da zancen ba.

Da wani zaɓen ya kewayo mutane suka matsa masa ya fito, ya zo ya ce, “Yaya, in fito?” Ta ce, “Ka fito.” Aka sake yin ƙato bayan ƙato a wannan fili. Ni da ba na jin magana na sake ajiye mata kujera a gaba. Ta zo, ta sake wuce kujerar. Amma wannan karon layinmu ta bi, ta yi ta tafiya har can ƙarshe, ta tsaya a bayan mace ta ƙarshe. Da aka gama ƙirga Kawu ya ci, ya taka har inda take ya ce, “Yaya, me ya kawo ki nan baya, ga wurinki a gaba?” Ta ce, “Nan ne wurina. In kana son ganina, sai idonka ya bi ta kan kowa.”

Ya ci babban zaɓe ya koma majalisa, kuma wannan karon bai tashi daga Wudil ba, kullum yana kan hanyar Kano. Daga baya ya nemi kujerar tarayya bai samu ba, ya haƙura ya koma gona. In ka duba tarihinsa na zaɓe, ci biyu ne faɗuwa biyu, ba wani abin a zo a gani.

Yanzu da na kai shekarun da Inna take da su a lokacin, nakan zauna in auna abin da ta yi. Har yau ban san ko ni zan iya ba. Na daɗe ina ɗauka wanda ya fi son ka shi ne wanda ya tsaya daf da bayanka yana tafi, irina. Ita ta yarda ta rasa ƙaninta na wasu shekaru, ta sha zagin dangi, ta sha nawa fushin, don kada ta rasa shi gaba ɗaya. Kuma ba ta da tabbacin zai dawo, abin da yake ba ni tausayinta ke nan in na tuna.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Kawu ya tsufa, da sanda yake tafiya. Amma har gobe in ya shiga taro, ɗaurin aure ne ko jana'iza, ba ya fara gaisawa da manyan da ke kan kujeru. Sai ya zagaya can baya ya faro daga mutum na ƙarshe. Samarin yanzu suna cewa dabarar tsohon ɗan siyasa ce. Ni dai na san wadda yake dubawa.