Gwamkin da na ƙirga a bakin tafki

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato na yi aikin gadin daji a Kontagora, da gajeren wando da keken da ƙararsa ke riga ni isa kowane ƙauye. Wata shekara aka turo mana wani masanin namun daji, siririn mutum mai tabarau, ya zo ya shata iyakar gandun da za a hana farauta da kiwo a yankin Kaboji. Shi ba ya jan layi sai ya san dabba nawa ce a wuri da inda take shan ruwa. Sai ya rarraba mu mu ƙirgo masa.

Ni aka ba wani tafki, damina na gab da ƙarewa. Na wuni a kan reshen bishiyar ƙirya har ƙafata ta mutu, gwamki uku kacal na gani, ɗaya ma gurgu. To, ni tun ina yaro ba a aike ni na dawo da labari ƙarami ba. Da masanin ya tambaye ni, na ce masa talatin, har ƙura ta rufe rana. Na jira ya yi dariya kamar yadda ake yi a tasha. Bawan Allah ya ciro biro ya rubuta.

Bayan kwana biyu na ga taswira, jan layi ya haɗiye tafkin. Nan kuwa wani dattijon Bafulatani, wanda muke kira Baffa, yake shayar da shanunsa duk rani tun zamanin mahaifinsa. Na kasa zama wuri ɗaya. In zauna, in tashi, in hau keke in zaga kasuwa ba abin da zan saya. Matata ta ce ko cinnaku ne a wandona.

Ranar da za a tura takarda Sakkwato na shiga ofis na faɗa wa masanin gaskiya. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Da talatin ne da da sauƙi," in ji shi. "Uku kuwa, ko tsuntsu ba zan bari ya dame su a ruwan nan ba."

Na fito na tarar na ƙara ɓata lamarin. Na taka keke har ruga na zayyana wa Baffa komai. Ya dube ni kamar ya ga ɗan maraƙi mai kai biyu, sannan ya ce gwamki ba sa shan tafkin sai da damina. Da rani can suke hawa wani kwazazzabo mai idon ruwa, inda suke lasar ƙasa mai kanwa.

Masanin bai yarda da bakin kowa ba, balle nawa. Kwana huɗu muna bin Baffa cikin ƙaya, yana nuna sawu da sandarsa, masanin yana durƙusawa yana awo, yana murza kashi a tafin hannu kamar mai taya gero. A kwana na huɗu ya shimfiɗa taswira a kan dutse, ya goge layin, ya mayar da shi bayan kwazazzabon. Tafki ya fita daga gandun, amma da sharaɗin ba shanu a wurin daga faɗuwar ruwan farko har kaka.

Baffa ya shiga lissafin inda zai kai garkensa da damina.

"Ɗana," ya ce mini, "gobe in an aike ka ƙirga, ka biyo ta ruga in ara maka yatsu."