Kushag a Ƙofar Ealish

A ƙauyenmu na Ballaugh, idan aka ga kushag ta yi fure a ƙofar gidan mutum, ba a ɓata lokaci wajen sallama, taga ake leƙawa a ga ko mai gidan yana numfashi. Abu biyu kaɗai ke sa manomin tsibirin Man ya ƙyale wannan ciyawa ta kai ga fure: ko dai ya mutu, ko kansa ya taɓu. Tsayinta ya kai ƙugu, furenta ruwan ɗorawa kamar ƙwaiduwa, amma guba ce ga doki da saniya. Tana ɗanya dabba ba ta cika kula ta ba saboda ɗaci. In ta bushe ta shiga cikin harawa, nan take yin ɓarnarta. Abin dariya kuma, ita muke kira furen ƙasarmu. Halinmu ke nan: mu zana ta a jikin kofin shayi, mu shanye shayin, mu fita mu tumɓuke ta muna zagi.

To, babu wanda ya kai Ealish Kinvig tumɓuke ta a duk faɗin ƙauyen. Ba don tana so ba, aure ne ya ja mata.

Mijinta, marigayi Orry, a gonar ubansa ya nemi aurenta, suna duƙe kowa da ciyawa a hannu. Ita dai ta rantse bai ɗago ya dube ta ba, bayanta kawai ya gwada ya ga yana da ƙwari. Mutum ne da bai taɓa fashin coci ba, bai kuma taɓa cewa "sannu da aiki" ba. Wa'azinsa ɗaya ne, ya fi na limamin coci tsawo: kushag ba a cire ta sai bayan ruwan sama, ƙasa ta yi laushi, a sa shebur mai yatsu a ɗago ta da saiwarta duka. Wanda ya fizge ta ranar da ƙasa ta bushe, saiwar ta tsinke a ciki, to shuka ya yi, don kowane guntu sai ya fito da kansa baɗi. Da wannan karatu Ealish ta tsufa, da shi ta yaye ɗanta ɗaya tilo, Finlo, wanda yana gama makaranta ya tsere birnin Douglas ya samu aikin zama a kujera, ya yi tumbi.

Orry ya mutu yadda ya rayu, a duƙe, da shebur a hannu. Aka ba da gonar haya, Ealish ta koma ƙaramin gidan dutse na bakin hanya, mai ɗan lambu a gaba. Ta yi kukanta, ba a hana ta ba. Da bazara ta zagayo sai ta ɗauki shebur ɗin mamacin ta nufi gefen titi, ta haƙo jaririyar kushag, irin wadda ke kwance a ƙasa kamar faifai, ta rungumo ta zuwa gida.

Maƙwabcinta Illiam Cregeen, tsohon da ba shi da kowa sai wata goɗiya mai suna Sarauniya, yana jingine a katanga kamar kullum.

"Ealish, ina za ki kai wannan 'yar iska?"

"Gida zan kai ta."

"Ki ƙona?"

"In shuka."

Illiam ya cire lofe daga bakinsa. "Ikon Allah! Ko sati nawa Orry ya yi a ƙasa, har kin kawo masa maƙiyiya ƙofar gida?"

"Shekara arba'in ina ganin gindinta, tsohon banza. Yanzu fuskarta nake so in gani, ina zaune a kujera, da shayina."

"Goɗiyata fa?"

"Goɗiyarka ta fi ka hankali. Kafin furen ya zama iri zan yanke shi in ƙona, ko ƙwaya ba za ta tsallaka katangarka ba. Matsa, ka tare min rana."

Sai dai ana wata ga wata. Ciyawar da ta gagari Orry da shebur da gishiri da addu'a, da ta ji gata sai ta ce ga garinku. Ealish ta sa ta a babbar tukunya, ta cika mata takin doki mai kyau, tana ba ta ruwa safe da yamma a ƙasar da ruwan sama bai san hutu ba. Ganyen ya yi laushi, ya yi baƙi, ya ruɓe. Ta haƙo wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ranar Ealish ta ji haushi har cikin ranta, ta tsaya a kan tukunyar tana yi mata tas.

"Don ubanki, a kan tsakuwa kina rayuwa, a gidana ne za ki yi min yanga?"

Ta uku ba ta samu tukunya ba. Ealish ta cusa ta a tsakuwar gefen ƙofa, inda ko kare ba ya kwanciya, ta taka ta da takalmi, ta juya mata baya. Ita ce ta kama. Shekarar farko ta yi ta bazuwa a ƙasa ba fure, yadda al'adarta take. A ta biyu ta miƙe ta yi kara, ta fara ɗaure kai.

Kafin furen ya buɗe, labari ya riga ya buɗe. Matan coci suka fara kawo mata miya a kwano ba ta roƙa ba, suna yi mata magana da ƙarfi a hankali kamar kurma. Mai kawo wasiƙu ya leƙa taga sau biyu. Daga nan wani mai son lada ya buga wa Finlo waya.

Ya iso ranar wata Asabar da rana ta ƙwalle, ƙasa ta bushe ƙamas. Ya tsaya a ƙofa, ya dubi ciyawar da aka kafa wa sanda, aka ɗaure ta da igiyar takalmin ubansa, sai idonsa ya kawo ruwa. Tsakani da Allah tsoro ya ji, don yaron yana son uwarsa.

"Mama, kin san mece ce wannan?"

"A'a, gaya min. Ban taɓa ganin ta ba."

"Mama, ba wasa nake ba. Mutane suna magana. Yau ciyawa ce, gobe ki bar tukunya a wuta. Mun gyara miki ɗaki a Douglas, da ɗumi, ga asibiti kusa. Ƙarshen wata zan zo da mota."

Ta san ɗakin. Tagarsa tana kallon bangon wurin ajiye motoci. A nan kuwa, daga kujerarta tana ganin tudu da tumaki, da hanyar da aka bi da gawar Orry. Ta kuma san ɗan nan: taurin kan ubansa ne da shi, an dai lulluɓe da ladabi. In ta ce da gangan ta shuka, ta tabbatar masa da haukan. In ta ce ba ta lura ba, ta tabbatar masa da tsufan. Ta dubi ciyawarta, shekara biyu tana jira, saura kwana kaɗan ta buɗe. Ta dubi ƙasar. Sai ta dafe goshi.

"Wayyo ni! Kushag ce? Wallahi na ɗauka wani furen kirki ne, idon nan sai da tabarau. Miƙo min safar hannu."

Ba ta nemi shebur ba. Ta kama karan, ta murɗa shi hagu, ta murɗa dama, ta fizge da ƙarfi. Ana jin ƙarar saiwoyin suna tsintsinkewa a cikin ƙasa, ɓas, ɓas, ɓas. Ta ɗaga abin sama, guntun gindi ne kawai a jiki. Ta zage shi zagin da Finlo bai ji irinsa ba tun yana yaro, ta jefa a garwar ƙona shara, ta bi wurin da dunduniya ta daddanne.

Finlo ya yi ajiyar zuciya. Wannan ita ce uwar da ya sani. Zaman kujera ya riga ya goge masa wa'azin ubansa, bai ga komai ba sai tsohuwa mai ƙarfin hannu da kaifin baki. Ya ci kyafaffen kifi da burodi, ya ce maganar ɗaki a bar ta tukuna, ya kama hanya.

Illiam kuwa yana kan katanga, ya ga komai. Kifi na ganinka, mai jar koma.

"Ealish, da rani? Ba shebur?"

"Ka ga wani abu?"

"Ni? Idona sai da tabarau."

Duk da haka, da ta shiga ɗaki ta yi kuka. Dabara ta yi, amma furen da ta jira shi ne ke hayaƙi a garwa, kuma a shekarunta ba kowa ake yi wa alkawarin baɗi ba.

Allah ya kai ta. Orry bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya a rayuwarsa: kowane guntu ya fito da kansa. Inda ɗaya ta tsaya, sai ga jama'a guda, kafaɗa da kafaɗa, suka rufe gefen ƙofar. Wannan karon suka buɗe. Ealish ta fito da kujera da shayi ta zauna, ta rasa abin zagi. Ƙudan zuma suna ta kai-kawo, malam-buɗe-littafi kala-kala, ga wasu tsutsotsi masu zanen baƙi da rawaya kamar 'yan ƙwallo suna cin ganyen ba kunya. Kan da ya fara tsufa, ta sa almakashi ta yanke shi ta ƙona. Sarauniya tana can tana kiwonta lafiya lau.

Finlo ya zo ba sanarwa. Ya fito daga mota, ya tsaya, bakinsa a buɗe.

"Mama! Kin yaudare ni."

"Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Shayi?"

"Ba na sha. Yau zan cire su da hannuna, gobe ki haɗa kayanki. Na gama magana."

"Ga safar hannu can. Ka durƙusa da gwiwa, kada ka sunkuya."

Ina! Ya sunkuya yadda ɗan birni ke ɗaukar biro, ya kama mafi girma a cikinsu, ya ja. Ciyawar ba ta motsa ba. Ƙugunsa ne ya amsa. Ya ƙage a nan, kai ƙasa ɗuwawu sama, yana kiran uwarsa da muryar da ya bari tun yana ɗan firamare.

Tsohuwar da aka zo ɗauka, ita da tsohon banza suka kinkime shi zuwa bencin ƙofa suka shimfiɗe. Likita ya ce kada ya shiga mota sai ƙugun ya saki. Kusan mako guda Ealish tana dafa masa miya, tana gasa masa ƙugu da ruwan zafi, tana sa masa safa, tana yi masa magana da ƙarfi a hankali kamar kurma.

"KA CI ABINCI, ƊAN NAN? KA SAN INDA KAKE? In ka ga ba za ka iya zama kai kaɗai ba, akwai ɗaki a nan, ga coci kusa."

"Mama, don Allah."

Da rana a bencin yake yini, kansa daidai tsayin furannin, ba shi da abin kallo sai su. Ranar da zai tafi, tana zaune kusa da shi tana ɓare wake, shi kuma ya ƙura wa fure ɗaya ido.

"Mama, ashe kowane ɗaya ƙananan furanni ne da yawa a haɗe."

"Haka na gani ni ma."

"Duk yarintata ina cire ta, ban taɓa sanin kamanninta ba." Ya juyo ya dube ta. "Baba ya taɓa gani?"

Ealish ta ajiye kwanon. Ta dubi hanyar da ta haura tudu.

"Ubanka bai taɓa zama ba, Finlo. Ina zai gani?"

Ya tashi da ƙyar, yana dafa bango. Bai ambaci ɗaki ba, bai ambaci ƙarshen wata ba. Da ya kai ƙofar lambu sai ya tsaya, ya ga igiyar takalmin ubansa ta kwance daga jikin sandar, karan ya karkata. Ya durƙusa, da gwiwa wannan karon, ya ɗaure ta.