Makullin da Na Bayar Kafin Lokacinsa

Shekaru sun ja, amma ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da na zare makullin wani gida daga akwatin ofis na danƙa wa mutumin da bai riga ya mallaki gidan ba. Ina so ku da kuka shigo dillancin gidaje a bayanmu ku ji yadda abin ya faru daga bakina, domin na san ana ba da labarin a shagunan Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka ke kasuwanci a birnin nan, kuma kowa da irin gishirin da yake ƙara masa.

A lokacin ina riƙe da muƙamin babban dillali a reshen kamfaninmu na Huadu, can bayan gari, inda jiragen sama ke wucewa ƙasa-ƙasa. Sama da ni akwai manajan reshe, Mista Chen, mutum mai ƙarancin magana, wanda yake kirana Lao Yi, wato dattijo Ilyasu a bakinsu. Ni kaɗai ne Bahaushe a reshen. An ɗauke ni ne domin 'yan kasuwarmu da suka daɗe a birnin, suka gaji da ɗakunan haya, suka fara neman gidan kansu inda yaro zai sami wurin gudu.

Ga wanda bai san aikin ba, sayen gida a nan hawa uku ne. Da farko mai saye da mai sayarwa su sa hannu a yarjejeniya a gabanmu. Na biyu, a tantance takardun mai saye, kuma idan baƙo ne sai an duba izinin zamansa da na aikinsa da kyau. Na uku, a je ofishin rajistar gidaje a sauya suna. Sai bayan hawa na uku ake miƙa makulli. Kafin nan makullin yana zaune a akwatin ofis, dillali ne kaɗai ke ɗauka, ya rubuta a littafi dalilin ɗauka, ya mayar a ranar. Wannan ƙa'ida na san ta kamar sunana, har ni nake koya wa sababbi.

Gidan da ake magana na wata dattijuwa ne, Madam Luo, tsohuwar malamar makaranta. Mijinta ya rasu a asibiti shekara biyu kafin nan, ta yanke shawarar komawa wurin 'yarta. Gidan yana cikin wani layi mai gidaje goma sha biyu, kowanne da ɗan tsakar gida a gaba, kuma mazauna layin yawancinsu tsofaffi ne da suka san juna tun ana gina unguwar.

Mai sayen kuwa Alhaji Bala ne, mutumin Kano, mai ofishin aika kaya a ginin kasuwar Tianxiu. Ya girme ni da kaɗan, kuma yana cikin waɗanda suka karɓe ni sa'ad da na sauka birnin ban san kowa ba. Shi da Hajiya da 'ya'ya uku suna zaune a ɗaki biyu, kwalayen kaya sun cinye rabi, ga shi mai gidan hayar ya ce su tashi ƙarshen wata. An yi hawa na ɗaya, an yi na biyu, saura mako guda a sauya suna.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Ilyasu, ba zan kai iyalina gidan da ba a sauke Alƙur'ani a ciki ba. Malamin nan na Maraɗi da zai ja mana saukar jibi zai tafi. Ka ba ni makullin gobe da safe, kafin azahar yana hannunka."

Na ce, "Alhaji, ƙa'idar ofis ba ta yarda ba sai an sauya suna."

Ya dube ni ya ce, "Wato ƙa'idar ofis ta hana a karanta littafin Allah a gidan da babu kowa? Ko sata kake tsoron mu yi? Me ke ciki, bango?"

Kunya ta kama ni. Ban iya cewa a'a ga dattijon da ya ciyar da ni ba, balle a kan abin da ni kaina na ga alheri ne. Da safiyar Asabar na ɗauki makullin, na rubuta a littafi cewa za a duba gida.

Mu goma sha huɗu muka hallara, kowa cikin farar riga mai guga, kamar yadda ya dace da zama irin wannan. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka kunna turaren wuta a kusurwa huɗu, aka raba izu-izu, muka duƙufa. Ni ma na ɗauki nawa. Na lura da tsofaffi suna leƙe ta saman shinge, na ga wata mata ta janye jikarta ta rufe taga, amma na ɗauka kallon baƙar fata ne, wanda mun riga mun saba da shi. Kafin azahar aka shafa addu'a, aka ci dabino, na kulle gida na mayar da makulli ina jin na yi aikin lada.

Ranar Litinin ina shiga ofis Mista Chen ya kira ni ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ya ɗora wayarsa a kan tebur. Ga mu nan an ɗauke mu daga wata taga, farare fat, hayaƙi na tashi, muna rangaji. Hoton ya zaga zauren waya na masu gidajen unguwar tun ranar Asabar.

Abin da na sani da kaina amma ban tuna ba a ranar shi ne, a wurin mutanen nan fari tufar makoki ce. Idan suka ga maza cikin fari suna rera karatu da turare a gidan da babu kowa, abu ɗaya suke fahimta: an yi mummunar mutuwa a gidan, an zo lallashin mamacin. Irin wannan gida ba mai sayensa, kuma gidajen da ke kusa da shi ma sai a riƙa gudunsu. Kafin Lahadi maganar ta zama cewa mijin Madam Luo ba a asibiti ya rasu ba, a cikin gidan ya kashe kansa, ita ce ta ɓoye, mu kuma muka gano.

Mista Chen ya ce, "Lao Yi, wa ya sa hannu a kan makullin?"

Na ce, "Ni ne."

"Ka rubuta duba gida."

"Haka na rubuta."

Ya ce Madam Luo ta bugo waya ta janye daga cinikin. Ya ba ni zuwa Juma'a. Idan ba ta dawo ba, zai aika da rahoto babban ofis, kuma mu duka mun san abin da ke biyo bayan rahoto irin wannan. Na fita na tsaya a bakin titi. Ba aikina ne ya fi tsaya mini a rai ba. Hajiya ta riga ta ɗaure kaya, kuma ni ne na jawo aka ɗora wa mamacin da ban taɓa gani ba abin da bai yi ba. Na ƙudurta a raina cewa ko za a sallame ni, sai na wanke sunan mutumin nan, sai kuma Alhaji ya shiga gidan.

Na fara da Madam Luo a gidan 'yarta. Ta buɗe mini, amma ba ta zuba mini shayi ba, wanda a wurinsu magana ce cikakkiya. Ta ce, "Shekara talatin ina koyar da 'ya'yan unguwar nan. Mijina ya cika a asibiti hannunsa cikin nawa. Jiya matar da muke zuwa kasuwa tare ta tambaye ni a wane ɗaki ne." Ban kawo mata uzuri ba. Na ce laifin nawa ne ni kaɗai, na roƙi kwana huɗu. Ta ce, "Kwanakin naka ne, yi abin da kake so da su."

Daga nan na bi layin gida-gida. A gida biyar ba a buɗe ba. A wani gidan, tun kafin in gama gaisuwa aka ce mini "meiyo" ta bayan ƙofa, wato babu, kamar na zo tallan wani abu. Na gane cewa ba ta ƙofa ake shiga unguwar nan ba.

A ƙarshen layin akwai wata babbar bishiya inda tsofaffi ke zama da safe suna buga dararsu suna shan shayi. A nan Tsoho Huang yake zama, tsohon direban bas, shugaban kwamitin masu gidaje, wanda gidansa ke manne da na Madam Luo ta dama. Ranar Talata na je na gaishe su na tsaya. Ba wanda ya ɗago. Na tsaya har suka tashi. Ranar Laraba na koma, cikin shuɗiyar riga, na sake tsayawa. Ni da ko a gida ba na tsayuwa a gaban sa'o'ina, na tsaya kusan awa biyu, ƙafafuna na zogi. Can wani ya tura mini kujera da ƙafa, bai dube ni ba.

Da na zauna ban fara da bayani ba. Na ce, "Dattijo Huang, in tambaye ka. Idan mutuminku zai shiga sabon gida, me yake yi?"

Son koyarwa ya rinjaye shi. Ya ce a zaɓi rana mai kyau, a buɗe tagogi, a kunna turare a kusurwoyi, a shiga da shinkafa, a ɗora ruwa ya tafasa, a kira maƙwabta su sha.

Na ce, "To, abin da kuka gani ranar Asabar ke nan. Namu ne na shiga sabon gida. Mu a wurinmu fari tufar tsarki ce, ita muke sawa ranar farin ciki."

Ya ajiye ɗan darar da ke hannunsa ya ce, "Wato kun yi bikin shiga gida da kayan makoki, ba ku gayyaci kowa ba, kuma gidan ma ba naku ba ne."

Tsofaffin suka kwashe da dariya. Na ce, "Duka ukun gaskiya ne."

Ya ce, "Kai dillali ne, dillali kuwa zai ce ruwan sama ma ado ne a gida mai yoyo. Ba bakinka muke so ba. Mai sayen ya zo da kansa, ya tsaya kusa da Malama Luo a ƙofar gidan, ya faɗa a gaban kowa. Kuma kada ya zo da fari."

Wannan ne ya fi wuya. Na sami Alhaji a ofishinsa yana ɗaure kwali. Da ya ji sharaɗin sai ya miƙe tsaye.

"Ni zan je in ba 'yan dara haƙuri don na karanta Alƙur'ani? Mu da muka kai musu albarka kyauta? Matar ta riƙe gidanta."

Na ce, "Alhaji, ba a kan karatun ba ne. Ana cewa mijin matar nan ya kashe kansa, kuma zamanmu ne ya jawo. Da Hajiya aka yi wa haka bayan ranka fa?"

Ya saki igiyar da ke hannunsa.

Na ce, "A Kano, in ka sayi gida, ba ka zagawa ka gaida maƙwabta tun kafin ka kai tabarma?"

"Ina zagawa."

"A nan ka zaga?"

Ya koma ya zauna. Sannan ya ce, "Koriyar shaddar nan tawa ta yi, ko ita ma wani ya mutu a cikinta?"

Da safiyar Juma'a ya zo da Hajiya da yaran. Madam Luo ta zo domin Tsoho Huang ne ya kira ta, ba ni ba. Mutanen layin suka taru. Alhaji ya yi magana ina fassarawa, kuma ban ƙara masa ko kalma ba. Ya ce bai taɓa jin wani mugun abu game da gidan ba, da ya ji da bai kawo 'ya'yansa ba, ga su nan a tsaye. Ya ce ya shigo unguwa bai yi sallama ba, abin da ko a garinsu abin kunya ne. Sannan ya juya ga Madam Luo ya sunkuyar da kai ya nemi gafararta a kan sunan mijinta.

Tsoho Huang ya ce, "Me kuka roƙa a ƙarshe, da kuka ɗaga hannu?"

Alhaji ya ce, "Zaman lafiya ga gidan da duk wanda ke kewaye da shi."

"Har da nawa?"

"Kai ne na dama, kai ka fi samu."

Madam Luo ba ta yi dariya tare da su ba. Ta dubi yaran, ta dubi matar da ta yi mata tambayar nan har sai da matar ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Litinin zan sa hannu. Amma makullin ni zan miƙa da hannuna, ba wannan ba." Ta nuna ni da haɓa.

Haka aka yi. Mista Chen bai aika rahoto ba, amma ya sa mini takardar gargaɗi a fayil, kuma wata uku ban taɓa akwatin makullai ba sai ya sa hannu. Ban ce an zalunce ni ba. Ba kowa ne ya sauko a layin ba. Mai gida na biyu har ya tashi daga unguwar bai taɓa amsa gaisuwar Alhaji ba.

Abin da na koya shi ne wannan. Mu muna sayar da gida ne a takarda, amma mutum ba a cikin takarda zai zauna ba, a tsakiyar mutane zai zauna, kuma suna kallo tun kafin ya san suna nan. Ƙa'idar makulli ba don tsoron ɓarawo aka kafa ta ba. Mutanen kirki masu kyakkyawar niyya su ne suka fi saurin karya ta, ni shaida ne. Za a zo muku da roƙo irin wanda aka zo mini da shi, daga bakin wanda kuke jin nauyinsa, a kan abin da ba ku ga aibinsa ba. Ku ce masa ya yi haƙuri zuwa ranar sauya suna, sa'an nan ku ɗauke shi ku kai shi ya gaida na dama da na hagu. Zai ɓata rai. Ku bar shi ya ɓata, shi ne zai kwana a layin, ba ku ba.